Jif Mai Aiki Da Lantarki: Kafin Alhaji Ya Kwance Bakin Jaka

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a Nijeriya, lissafin duk wani mai abin hawa a wannan kan iyaka tamu ya sauya. Man kwalba da ake kira kpayo, wanda shekara da shekaru shi ke tafiyar da kabu-kabu da motocin haya da injunan ban-ruwa tun daga Malanbil har zuwa Tumbutu (tamu ta gefen kogin Kwara, ba ta ƙasar Mali ba), ya daina zama mai arha, domin rijiyar da ake ɗebo shi ita kanta ta yi tsada. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 a farkon 2023, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da zancen motar da ba ta shan mai ya shigo rumfunanmu. 'Yan uwanmu masu zuwa sari Gwanzu da Dubai suna dawowa da hotunanta a waya, kuma wadda aka fi ambata ita ce ƙaramar jif ɗin nan ta kamfanin BYD na ƙasar Sin, wadda a ƙasashen waje ake kira Atto 3, a can gida kuma Yuan Plus. Kamfanin CFAO, wanda kowa ya sani da dillancin Toyota, ya kai ta Abijan a 2024, sannan Legas a 2025. Ita kuwa gwamnatin Benin, tun a kasafin kuɗinta na 2022 ta sauke kusan dukkan kuɗin duwan a kan sabuwar motar lantarki. Wato dai magana ta wuce ta kallo a talabijin, ta zama ta kuɗi, kuma inda aka ce kuɗi, to, ya kamata a yi wa ɗan kasuwa bayani dalla-dalla.

A namu ganin motar ba ta da laifi, kuma lissafin mai yana goyon bayanta. To amma duk wanda zai saye ta da irin idon da yake sayen Toyota 'yar Kwatano, wato ya doki taya da ƙafa, ya saurari ƙarar inji, ya leƙa salansa ya ga ko tana hayaƙi, wannan cinikin biri a sama zai yi. Abu biyu ake saye a wannan mota: batir, da kuma wurin da za a riƙa samo wutar cika shi. Na biyun ba ya cikin kuɗin da za a miƙa wa dillali.

Bari mu fara da abin da ke rubuce a takarda, game da samfurin da ya fito a 2022, wanda shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Tsawonta mita huɗu da rabi ne ba kaɗan, kujeru biyar, injin lantarki guda ɗaya mai jan tayoyin gaba, ƙarfinsa kimanin doki 200. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa bakwai da 'yan kai, abin da yawancin motocin da ke tashar Malanbil ba za su iya ba. Batirin iri biyu ne: ƙarami mai ɗaukar yunit 50, da babba mai ɗaukar yunit 60. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda mitar gidanka ke ƙirgawa, ko kana cikin masu cewa kuran irin mutanen Gaya, ko masu cewa nefa irin na Kamba. Hukumar gwajin haɗarin motoci ta Turai ta ba ta tauraro biyar a 2022, wato maki mafi girma. A ciki akwai babban allo mai juyawa tsaye ko kwance, da kyamarori masu nuna kewayen mota. Akwai kuma wani abu da muke ganin ya fi allon amfani a wurinmu: motar tana iya ba da wuta, ka jona firiji ko fanka ko fitilun shago a jikinta, har ƙarfin kilowat biyu zuwa uku gwargwadon ƙasar da aka yi wa motar.

Ba ta da baƙin mai, ba ta da fulogi, ba kuloci, ba salansa, ba canjin giya. Birki ma yana daɗewa, saboda da ka ɗaga ƙafa daga totur injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Waɗanda suka daɗe da ita a ƙasashe irin su Tailan da Ostareliya sun yaba da shirunta da laushin tafiyarta, sun kuma koka da tayoyin da ta fara zuwa da su, da yadda sai an shiga allo kafin a taɓa abubuwan da a tsohuwar mota maɓalli ɗaya ne.

Yanzu sai mu sauko da ita ƙasarmu. Nauyinta ita kaɗai, mai babban batir, kilo 1,750 ne, kuma abin da kamfani ya yarda ta ɗauka a kan haka bai wuce kilo 410 ba, har da direba. Mutum biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Abin da ya rage bai kai buhun masara ɗaya ba. Mu kuwa mun san halinmu: motar Alhaji ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta ɗaukar buhun albasa biyu da jarkar manja idan ta kama. Wannan ba ta wannan aikin ba ce. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 17 da rabi ne idan ba kowa a ciki, Hilux ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma abin da ke shimfiɗe a wannan cikin shi ne batirin, wanda ya fi komai tsada a jikin motar. A kan kwaltar Kandi babu damuwa. A hanyoyin burji masu shiga ƙauyukan Tumbutu da Garu da Madikali, musamman a watannin Agusta da Satumba da kogi ke cika ya malala, sai an yi hattara. Batirin a rufe yake ruf, ruwan sama ba ya yi masa komai, amma dutse ɗaya da ya lotsa murfinsa zai iya jawo asarar da ta fi ta sauke injin Corolla sau da yawa. Sannan a ƙasashe da dama ba ta zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙe huda. Duk wanda ya taɓa fasa taya tsakanin Gene da Karimama ya san abin da hakan ke nufi.

Sai batun nisa, wanda a nan ne dillalai za su fi yi mana wasa da hankali. Gwajin Turai ya ba mai babban batir kilomita 420, mai ƙarami 345. Gwajin ƙasar Sin, wanda ake yi da tafiyar cikin gari a hankali, ya ba wannan babban batirin dai kilomita 510. Mota ɗaya, batir ɗaya, lamba biyu, kuma mai karatu ya san wadda dillali zai zaɓa ya faɗa. A kan hanya ta gaske, da gudun kilomita 100, da mutane a ciki, da na'urar sanyi a kunne cikin zafin watan Afrilu da ke wuce maki 40, mai hankali zai yi lissafi ne a kan kilomita 300 da ɗoriya kaɗan. Malanbil zuwa Kandi kimanin kilomita 100 ne, za a je a dawo da saura. Malanbil zuwa Paraku ya ɗan haura 300, wato za a shiga gari da zuciya a hannu. Kwatano kuwa ta wuce kilomita 700, sai an cika batir sau biyu a hanya. Gaskiya ne cewa a tashar caji mai ƙarfi motar na tashi daga kashi 30 zuwa kashi 80 cikin kusan rabin sa'a. Amma kafin ya kama hanya, mai mota ya tambayi kansa a wane gari tsakanin Kandi da Bembereke da Paraku ya taɓa ganin irin wannan tasha da idonsa, tana aiki. Mai ya ƙare maka, yaro zai kawo maka kwalba biyu a kan babur. Batir ya ƙare, sai motar ja. Kuma a 'yan shekarun nan da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a kewayen gandun dajin W, babu mai son magariba ta riske shi tsaye a gefen hanya.

A gida fa? Soket ɗin bango na yau da kullum yana ba da kilowat biyu da kaɗan, wanda ke nufin cika babban batir daga ƙasa zai ci fiye da kwana ɗaya cur, idan ba a ɗauke wuta ba ke nan. Akwatin caji na bango mai kilowat 7 yana gamawa cikin awa tara zuwa goma, wato dare ɗaya, amma yana jan amfiya 32, kuma mitar gidaje da yawa da wayoyinsu ba a yi su don wannan nauyi ba. Sai an koma SBEE ko NIGELEC an ƙara ƙarfin mita, an kira mai gyaran wuta na ƙwarai ya ja sabuwar waya mai kauri, ya kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Wanda ya yi ƙoƙarin tsallake wannan da wayar 'yan tebur, gidansa yake wasa da shi.

Idan an yi wannan, lissafin yana da daɗi. Mu ƙaddara motar na cin yunit 18 a kilomita 100, mu kuma ƙaddara yunit ɗaya sefa 150: sefa 2,700 ke nan. Jif mai mai irin girmanta da ke shan lita 9, a kan sefa 700, ta ci 6,300. Mai yin kilomita 1,500 a wata zai ga rarar da ta haura sefa 50,000, ban da kuɗin juye da sauran tarkacen gareji. Kowa ya sa farashin garinsu ya sake bugawa, amsar ba za ta yi nisa da wannan ba. Inda lissafin ke rushewa shi ne wurin janareta. Ƙaramin janareta mai fetur da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita ɗaya, don haka cika batir mai yunit 60 zai sha lita 30 ko fiye, a yi tafiyar kilomita 300 da 'yan kai. An gudu ba a tsira ba, an ma ƙara da hayaniya a tsakar gida.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutanen birni masu tallar motar ba sa lissafawa, mu kuwa mun gan shi da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanbil da Gaya, kuma a watan Agusta Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 wutar ta dawo. Benin ta buɗe nata ɓangaren gadar, Nijar ta bar nata a rufe, har cikin 2025 mutane da kaya na ƙetarawa da kwalekwale. Da a ce wani ɗan kasuwar Gaya ko Doso ya sayar da motarsa ta mai ya sayi ta lantarki a watan Yunin 2023, da ya sha zama. Haka kuma wanda ya dogara da mai bai tsira ba, don ƙarancin man da aka yi a Nijar a watan Maris na 2025 ya sa motoci kwana a layi. A wannan yanki namu, waya da bututu duka suna bi ta ofishin 'yan siyasa. Abin da ba ya bi ta can shi ne rana, ita kuwa Allah Ya hore mana ita har muna kuka da ita.

Faifan sola na zamani mai wat 550 yana tara kimanin yunit biyu da rabi a yini a irin ranarmu. Guda goma sun ba da yunit 25, wato tafiyar da ta haura kilomita 120 a kullum. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a fake lokacin da rana ke sama, kuma wannan ya dace da rayuwar mai shago, wanda ke ajiye mota da safe ba ya taɓa ta sai la'asar. Ba sabon tunani ba ne a ƙasar Hausa. A watan Afrilun 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya, an buɗe tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, bayan kamfanin Stallion ya fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020. Don haka mu a wurinmu, kuɗin faifai da na'urar juya wuta wani ɓangare ne na farashin motar. Wanda kuɗinsa bai kai ga duka biyun ba, bai kai ga motar ba tukuna.

To amma abin da ya fi tayar mana da hankali ba sabuwar ba ce. Mu nawa ne ke sayen mota sabuwa dal? Kasuwarmu ta 'yan hannu ce, daga filayen motocin Sekanji da Ekpe, kuma ko ba jima ko ba daɗe tsofaffin motocin lantarkin da Turai da Amurka da Sin suka gaji da su za su cika waɗannan filaye, fentinsu na ƙyalli, kujerunsu kamar ba a taɓa zama ba. Batir yana tsufa a ɓoye. Ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, sai dai nisan da yake kai ka ya riƙa raguwa, kuma zafi na ƙara masa saurin tsufa. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da namu, sun ga batiransu sun zube cikin shekara ɗaya zuwa biyu, saboda motar ba ta da na'urar sanyaya batir. A 2021 kamfanin Hyundai ya kira motocin lantarki kusan 82,000, yawancinsu Kona, don a sauya masu batir saboda haɗarin gobara. Wa zai tabbatar maka cewa Konar da ke gabanka a Sekanji an sauya mata nata? A nan Atto 3 tana da abin faɗa, don batirinta na sinadarin ƙarfe da fosfet ne, wanda ya fi jure zafi da yawan caji, ya kuma fi wuyar kamawa da wuta, ga shi motar na sanyaya shi. Amma ko shi ba ya hana a sayar maka da wadda ruwa ya taɓa shanyewa a wata ƙasa aka wanke aka goge.

Akwai kuma tarkon wadda aka sayo kai tsaye daga kasuwar cikin gida ta Sin. Takan fi arha, don a 2024 kamfanin ya sauke farashinta a can zuwa ƙasa da yuwan 120,000. Sai dai bakin cajinta irin na Sin ne, ba ya shiga na Turai da dillalan hukuma ke kafawa sai da mahaɗi, wani abin a allonta da rubutun Sinanci yake, kuma garantin shekara takwas da ake yi wa batir a hannun dillalin hukuma ba lallai ya biyo ta ba. Wannan sauke farashi da kamfanonin Sin ke yi kusan kowace shekara yana da wata illar ga ɗan kasuwa. Mu mota a wurinmu ajiya ce, ranar da jari ya karye a kai ta bakin tasha a karɓi kuɗi cikin mako. Motar da sabuwarta ke ƙara arha kullum, tsohuwarta ba ta riƙe daraja. Kamfanin hayar motoci na Hertz a Amurka ya ɗanɗana wannan, har ya sanar a Janairun 2024 cewa zai rabu da motocin lantarki 20,000.

Makanikanmu kuwa, waɗanda ke iya tayar da matacciyar Peugeot da waya da ƙusa, a nan sai su ja baya. Wayoyin nan masu launin ruwan lemo da ke ƙarƙashin motar suna ɗauke da bolt kusan 400, kuskure ɗaya ya isa ya kashe mutum. Taya da birki da shokozoba kowa zai iya, amma abin da ya shafi batir da kwamfutar motar sai mai na'ura da horo, kuma ɗan madubi ko fitilar da ta fashe a cunkoson ranar kasuwa na iya sa a jira jirgin ruwa.

Wa ya kamata ya saya ke nan? Mai gida da shago a Malanbil ko Gaya ko Kamba, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Kandi ko Doso ba, yana da rufin da zai ɗora faifai, yana kuma da wata motar ta doguwar hanya da kaya. Wannan zai ji daɗinta, har ya riƙa mamakin kuɗin da ya daɗe yana ƙonawa. Mai mota ɗaya tilo, wanda yau yana Paraku gobe yana Birnin Kebbi, ya dakata. Masu babura ma sun riga mu gane bakin zaren: kamfanin Spiro da ya fara a Benin da Togo a 2022 ya kafa wuraren da ɗan kabu-kabu zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke, wato an tanadi wutar tare da abin hawan.

Akwai aikin da ya rage wa shugabannin 'yan kasuwa da ofishin magajin garin Malanbil. Kasuwar da ke cikin mafi girma a duk ƙasar Benin tana da rumfuna da tasha masu faɗin rufin kwano da rana ke dukansu a banza. A ɗora masu faifai, a kafa bakin caji ko da huɗu ne, mai mota ya biya kamar yadda yake biyan kuɗin fakin, ragowar wutar ta tafi ga masu firiji da masu niƙa. Su kuma hukumomin duwan na ƙasashen uku, tun kafin filayen Kwatano su cika, su wajabta wa duk mai shigo da tsohuwar motar lantarki ya nuna takardar gwajin lafiyar batirinta. Kafin a kai ga haka, duk wanda aka yi wa tayin 'yar hannu, ya sa a jona mata na'ura a gabansa ya ga kashi nawa ya rage na ƙarfin batirin, sannan a cika ta fal, shi da dillalin su shiga su je Kandi su dawo da na'urar sanyi a kunne, ya duba abin da ya saura kafin a fara zancen farashi.